Mudun Gishirin da Doofan Ta Mayar

Rahmat 'yar Awe ce. Aure ya kawo ta unguwar Bukan Sidi a Lafia, ta riƙe gishirin garinsu sana'a har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Doguwar mace ce mai kaifin ido, ba ta da tarin ƙawaye, ba ta kuma nema. Guda ɗaya ta ishe ta: Doofan, 'yar ƙabilar Tibi, mai doya a rumfar da ke jingine da tata a kasuwar Lafia. Tun suna goyon 'ya'yansu suke tare. Doofan ke tsare mata kaya in ta tafi sallar azahar, ita kuma ran Lahadi ta lulluɓe doyar Doofan da buhu kada rana ta ci. Duk sanda sabon gishiri ya iso daga Awe, kafin kowa ya saya sai Rahmat ta cika mudu ta miƙa wa ƙawarta. Haka suka saba.

Da damunar 2004 ƙafafun Doofan suka fara hawa, da safe fuskarta ta yi suntum. 'Yan kasuwa na tsokanarta wai doya ta karɓe ta. Rahmat ta ce iska ce ta shige ta, ta riƙa jiƙa mata kanwa.

Ana cikin haka Cordelia, wadda ake kira Sista, ta ɓullo, wata matashiya 'yar cocinsu Doofan, mai aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti. Takan zo da lema da takalmi mai ƙwas-ƙwas, ta zauna daidai gefen bencin da Rahmat ke zama, su yi ta yarensu suna dariya. Rahmat na auna gishiri, kunnenta na can, ko kalma ɗaya ba ta tsinta. Doofan kuwa ba ta da zance sai Sista ta ce kaza, Sista ta hana kaza.

Cordelia ce ta kai ta aka ɗebi jini. Da suka dawo ta yi bayani da Hausa, don Rahmat ma ta ji. Ta ce ana zuba jinin a siririyar kwalba a ga saurin kwanciyarsa, na Doofan ya yi saurin da ke nuna kumburi a can cikin jiki. Likita ya haɗa da gwajin fitsari, ya ce ƙoda ce ke gajiya, kuma irin wannan kumburin in ya daɗe ƙara cin ƙodar yake yi. Rahmat ta taɓe baki, ta ce kumburi ai ga shi nan a ƙafa, ko makaho ya shafa zai ji, ba sai an zuƙe wa baiwar Allah jini ba. Cordelia ta ce wancan daban, wannan ido ba ya ganinsa.

Da gishiri ya sake isowa, ta cika mudu har da tozo ta miƙa. Doofan, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, ta tura mudun baya a hankali.

"Maman Mahmuda, ka riƙe abinka. Sista ya ce gishiri da kanwa su ne maƙiyina yanzu."

Cordelia na zaune tana kallo. Rahmat ta juye gishirin cikin buhu, ta karkata teburinta ya ba rumfar doya baya. A ranta ba gishiri aka mayar ba, ita aka mayar. Ta daina gaisuwa sai ta fatar baki. Amma idonta bai daina aiki ba: ta ga Doofan ta yanke igiyar silifas don ƙafa ta shiga, ta ga tana hutawa kafin ta ɗaga doya guda. In ta idar da salla tana yi mata addu'a, sai dai ba ta taɓa sa Sista a ciki ba.

Wata rana rumfar doya ta wuni a rufe. Washegari Iorliam, mijin Doofan, ya zo ya ce wa Rahmat an ba Doofan gado a asibiti, kuma tana nemanta. Rahmat ta tambaya ko Sista ta yi tafiya ne. Ya ce tana nan, amma Doofan ta ƙi yarda kowa ya yi mata wanka.

Ta same ta kwance, Cordelia na tsaye da bokiti da soso, ta rasa yadda za ta yi.

"Fushin ya ƙare?" in ji Doofan. "Zo ka wanke ni. Wannan yarinya na haife shi, zan tuɓe a gabansa?"

Rahmat ta karɓi bokitin ba tare da ta dubi mai miƙowa ba. "Sista, ɗan ba mu wuri," ta ce, ta ja labule har ƙarshe.

Ita ta yi jinyar. Ta koyi miyar da ba gishiri, tana dafawa tana tsaki. Ran da aka sake gwaji, likita ya tsaya bakin gado ya yi wa Cordelia Turanci mai tsawo, Cordelia na murmushi. Doofan ce ta jawo hannun Rahmat ta ce mata kumburin jinin ya sauka, ƙodar ba ta warke ba amma ciwon ya daina gudu.

Rahmat ta yi hamdala. Sannan ta tambayi Doofan, a hankali, me ya hana likitan ya dube ta ita ma da ta yi jinyar, ya yi mata bayani.