Farar Fitila a Ƙofar Gidan Malam

A garin Paraku na fara ganin irin fitilar, wata magariba, ina tsaye bakin titi ina ɗaure dilar atamfa a bayan babur. Wani ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, ya karyo kwana da fitila fara tas, ba irin tamu mai ruwan ɗorawa ba. Hasken ya faɗa kan wata mai suyar doya a tsallaken titi, ta ɗaga hannu ta kare fuskarta, awarwaronta suka yi walƙiya. Na tsaya da igiya a hannu har dilar ta zame ta faɗi ƙasa.

A lokacin ina tsaron shagon kawuna a kasuwar Jugu, ni ne kuma mai zuwa Paraku ɗauko kaya. Fataken da ke kawo mana atamfa sukan cuso littattafan soyayya na Kano a cikin dila, ni kuwa ba na barin ko ɗaya ya wuce ni. A cikinsu na koyi yadda ake haɗuwa. Saurayi yakan iso da daddare, fitilar motarsa ta haske fuskar yarinya, ta ɗaga hannu ta kare ido, daga nan shi ke nan, sai aure. Abin da na gani a tsallaken titin nan shi ne abin da na daɗe ina karantawa.

Ina da wadda nake so, 'yar wani babban malami a unguwarmu. Takan zo shago ta sa in sauke mata rabin kayan kanti, ta tafi ba ta sayi komai ba, ni kuma na fassara wannan da so. Na aika ta wajen gwaggonta cewa ina son zuwa zance, aka ce in zo. Abin da ya hana ni shi ne fitilar babur ɗina. Ƙwanta ya tsufa, in na rage gudu sai ya lumshe kamar aci-balbal, in na tsaya sai ya kusa mutuwa. Ban taɓa karanta inda saurayi ya iso da irin wannan haske ba.

Ranar da na ga farar fitilar nan na kwana a Paraku, da safe na nufi wani makaniki a bayan tasha. Ya fito da wani sabon ƙwan fitila daga kwali yana yabonsa rabi da Hausa rabi da Faransanci, ya ce in na kunna shi kusa da akurki zakaru za su yi cara. Ya bayyana mini cewa wannan ba daga inji yake shan wuta ba, daga batir ne, don haka ko an kashe inji yana nan da haskensa muddin makulli na buɗe. Ya yanke waya ya haɗa waya ya naɗe da roba, sannan ya tambaye ni inda zai saita hasken, kan kwalta ko ɗan gaba kaɗan.

"Daidai fuskar mutum in yana tsaye," na ce.

Ya dube ni, ya dubi babur. "Patron, mutane za ka nema ko hanya?"

Na ce ya dai yi yadda na ce. Ya yi.

Na yi ta jan ƙafa a gari don kada in isa Jugu da rana. A hanya direbobin manyan motoci suka yi ta ƙyafta mini fitila suna leƙo kai suna ambaton iyayena. Wata mai sayar da fetur a kwalabe ta hango ni daga nesa, ta kwashe kwalabenta ta shige gonar doya, ta ɗauka jami'an duwan ne, wato 'yan kwastan. Duk wannan ƙara mini ƙarfin gwiwa ya yi.

A unguwarmu zance yana da ƙa'ida. Saurayi yakan kashe babur tun daga bakin lungu, ya turo shi a hankali, ya raɓe ta gefen da babu haske. A ƙofar gidan Malam akwai darbejiya, a ƙarƙashinta ake tsayawa. Uban yarinya yana zaune a kan dakali da mutanensa, ya san kana nan, kai ma ka san ya sani, amma ba wanda ya ga wani. Da haka ake rufa wa juna asiri har ranar da manya za su zo da goro. Na san wannan sarai. Sai dai na yi tunanin zan iya haɗa ƙa'idar unguwa da ta littafi: na kashe inji saboda ladabi, na bar makulli a buɗe saboda soyayya.

Haka na shigo lungun, shiru, ina tura wata ƙaramar rana a gabana. Na yi tsammanin yarinyar za ta kasance a bakin ƙofa. Wanda hasken ya samu shi ne Malam, zaune a kan buzu, ya tuɓe rawani da hula ya ajiye a gefe saboda zafi, akushin sakwara a gabansa, loma a hannu ta yi rabin hanya. Dattawan ɗalibansa suna kewaye da shi. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna karatu a wajensa ba su taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai ranar. Kowa ya sunkuyar da kai. Na kai hannu ina lalubar makulli.

"Bar ta," in ji Malam.

Ya ajiye lomar, ya wanke hannu, ya mayar da hularsa ba tare da gaggawa ba, ya ce a miƙo masa wani littafi daga zaure. Tsohon littafi ne mai jar takarda, gefensa cike da ƙananan rubutu kamar sawun tururuwa. Ya buɗe shi a cikin hasken, ya matsar, ya nisantar, sai na ga leɓensa ya fara motsi. Daga baya na ji cewa idonsa ya daɗe da gajiya, rubutun gefen nan ya bar shi da daɗewa, da rana ma sai ya yi ta kintace. Ya karanta shafi guda a fili, ya ɗago ya tambayi ɗan wane ne ni. Na faɗa, ina durƙushe, hannu ɗaya a kan babur don kada ya faɗi.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Gobe ma ka zo."

Na koma gida ina jin kamar an ɗaura. A duk abin da na karanta, uba sai an sha wuya yake yarda, ni kuwa daren farko ya ce da ni ɗansa.

Washegari na sa shadda, na fesa turare, na zo. Aka nuna mini inda zan kafa babur. Da yake an saita fitilar daidai fuskar mai tsayuwa, shi kuwa Malam a ƙasa yake zaune, dole in hau in danne gaban babur da ƙirjina, in riƙe kan da hannu biyu kada hasken ya kauce daga shafi. In batir ya fara sanyi hasken ya dusashe, sai Malam ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "A ƙara mata," in sauka in buga inji, shi kuma ya ɗaga murya ya rinjayi ƙarar. Daga magariba zuwa kiran isha'i haka muke yi. Labari ya bazu cewa Malam ya koma karanta sharhin gefe, ɗalibai suka ƙaru, har daga ƙauyen Felebina wani yake zuwa. In an kawo shayi ni ake fara ba, ana kai mini kofin baki saboda hannuwana ba su da sarari.

Ba yadda za a yi mutum yana gaban uba, kowa na kallonsa, ya aika a kira masa 'yar. Na ce wa kaina haƙuri ma wani babi ne na soyayya. Kuma wanda ke bayan farar fitila ba ya ganin komai a gefe, duhun wajen darbejiya ya ninka na da. Wani lokaci nakan ji 'yar dariya daga can, in ce a raina tana leƙena ne tana jin daɗi.

Sau ɗaya ta shigo hasken. An yi ruwa da yamma, shinge, garar nan mai fiffike, suka fito, suka yi dafifi a kan fitilar har Malam ya rufe littafi. Matan gida suka fito da kwanonin ruwa suna tara su, tana cikinsu. Hasken ya faɗa a fuskarta, ta ɗaga hannu ta kare ido, daidai yadda aka rubuta. Ta matso har kusa da ni.

"Sannu da karatu, Malam ƙarami," ta ce. "Ɗan karkatar da ita hagu, sun fi yawa a can."

Na karkatar. Daren nan ban iya cin abinci ba, da safe na ce wa kawuna lokaci ya yi da zai je.

Ya sa babbar riga ya ɗauki goro ya tafi. Da ya dawo sai ya zauna a kan dila ya yi ta dariya har yana share ido da hannun riga, ni ina tsaye. Da ƙyar na samu labarin. Malam ya karɓe shi hannu biyu, ya yi ta yabona, ya ce a samarin yanzu bai ga mai son ilimi kamata ba, ga shi ko ruwa ake yi sai na zo. Da kawu ya faɗi abin da ya kawo shi, Malam ya ce wallahi bai taɓa kawo wannan a ransa ba, don mai neman aure ba ya zuwa ya zauna a gaban uba da fitila. Yarinyar kuwa, wani tela ya yi damina guda yana tsayuwa a gindin darbejiya kamar yadda ake yi, manyansa sun zo, har an sa rana.

"Kai kana haska uba," in ji kawu, "wani yana hira da 'ya."

Telan da kansa ya zo shagonmu sayen kayan lefe. Mutum ne mai fara'a, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce kafin in fara zuwa, dattawan nan ba su da aiki sai gyaran murya da satar kallon darbejiya, amma tun da na kawo fitila ba wanda ya ƙara waiwayowa.

Ranar ban je ba. Ana idar da magariba sai ga ɗaya daga cikin dattawan a ƙofarmu, ya ce Malam yana gaisuwa, kuma an tsaya a tsakiyar babi. Na ɗauki makulli na bi shi. Sai da muka sauke littafin nan kaf.

Ita yanzu tana Paraku. Mijin ya buɗe babban shagon ɗinki, ita kuma ta shiga cinikin kaju, wato yazawa, in kaka ta yi takan zo da mota ta bi ƙauyukan Bariyenu tana saye, manoma suna shakkar bakinta. In ta biyo ta kasuwa takan tsaya a shagona ta ce wa 'ya'yanta su gaida ɗalibin kakansu. Wata rana tana shan ruwa ta gaya mini cewa a makon farko kullum sai ta yi kwalliya ta zauna a tsakar gida tana jiran a ce ana sallama da ita, har gwaggonta ta ce ta tashi ta wanke fuska, wannan wajen tsoho ya zo. Ta faɗa tana dariya, ta miƙo mini kofin, ta fita tana yi wa direbanta faɗa ya toshe wa mutane hanya.