Tabon Ekkehard

Lahadin ƙarshe da gidan Malam Gottlob Reinwald ya wuni lafiya, ɗansa Ekkehard ya tashi da sassafe ya hura wa mahaifiyarsa murhu, kamar yadda ya saba duk lokacin da ya zo daga jami'a. Da hantsi suka tafi coci su uku. Da rana Mechthild, mahaifiyar, ta kawo gasasshiyar dinya da dankali da kabeji, shi kuwa ya bar abincinsa yana hucewa saboda surutu.

Shekararsa ashirin da ɗaya, shi kaɗai suka haifa, kuma ba shi da zance sai na Farfesa Thalheim, mai koya musu falsafar kyau da ilimin zuciyar ɗan adam.

"Baba, ya ce ba da ido kaɗai muke ganin kyau ba, da dukkan jiki ne. In ka dubi ginshiƙin coci, kai ne kake jin nauyin rufin a kafaɗarka. In ka ga mai tafiya a kan igiya, ƙafarka ce ke rawa."

"To zuba wa dankalin nan ido mu ga ko za ka ƙoshi," in ji Mechthild.

"Inna, ke kam ba a falsafa da ke."

"Falsafar me? Kai da tun kana ƙarami in ana yanka kaza kake dafe wuyanka? Sai yanzu wani mai gemu zai koya maka?"

Gottlob ya yi dariya. Malamin Latin ne a makarantar sakandare, a wannan jami'ar ya yi karatu, kuma daga can ya fito da tabon da ya tashi daga gefen bakinsa har kusa da kunne.

Da la'asar uban da ɗan suka fita yawo bakin kogi, a nan Ekkehard ya fayyace abin da ke cinsa. A ƙungiyar ɗalibansu, wadda uban ma ɗanta ne, mutum biyu kan fuskanci juna da takobi, idanu a kare, fuska a buɗe. Ba a neman wanda ya yi nasara, abin da ake so kawai kada ka kau da kai. A karonsa na farko Ekkehard ya sari abokin karawarsa a goshi, yana ganin jinin sai ya janye nasa kan baya. Manya suka kira shi matsoraci, suka karɓe hularsa ta ƙungiya. Ranar Laraba za a ba shi dama ta ƙarshe, in ya sake motsi a kore shi. Wanda aka kora kuwa ba ofishin da zai ɗauke shi, tsofaffin 'yan ƙungiya ma su daina gaida ubansa a hanya.

"Ba tsoro ba ne, Baba. Saran da na yi masa ne na ji a fuskata."

"Wa zai tambaye ka abin da ka ji? Tsayuwa aka ce ka yi. Ka tsaya kamar gungume, shi ke nan."

Da yamma ya raka shi tashar jirgin ƙasa, ya gyara masa wuyan riga.

Ranar Laraba Ekkehard ya tsaya. Bai sari kowa ba, aka yanke shi a kumatu, bai motsa ba, aka mayar masa da hularsa. Sai dai raunin ƙarami ne, abokai suka tasa shi gaba da tsiya. "Wannan ai yakushin kyanwa ne," in ji Kuno, abokin ɗakinsa. "Nan da wata biyu wace budurwa za ta gan shi?" Sai Kuno ya yi masa abin da aka saba yi: ya warware ɗinkin, ya kwantar da gashin wutsiyar doki a cikin raunin don ya warke da kauri.

Ranar Asabar ya dawo gida da kumburarren kunci. Mechthild ta ce a kira likita.

"Haka nawa ya yi," in ji Gottlob, yana shafa tabonsa. "Ki bar shi, wannan ba sha'anin mata ba ne."

Litinin zazzaɓi ya rufe Ekkehard. Kafin likita ya zo ya zare gashin, kumburin ya riga ya sauka wuya. Ranar Alhamis da hantsi Ekkehard ya rasu.

Farfesa Thalheim ya zo ta'aziyya. Ya daɗe tsaye a kan akwatin gawar, ta ɓangaren da ba rauni, ya ce natsuwar fuskar ta tuna masa da mutum-mutumin mutanen dā. Ya riƙe hannun Gottlob, ya ce yana jin wannan rashi a cikin nasa ƙirjin, daidai yadda ya bayyana a littafinsa. Gottlob ya lura hannun Farfesa a bushe yake, ba ya ko rawa. Ya gode masa cikin ladabi. Farfesa ya duba agogonsa, ya ce ɗalibai suna jiransa.

'Yan ƙungiya suka zo da hulunansu masu launi, suka ce Ekkehard ya mutu da mutuncinsa, suka roƙi takobinsa. Gottlob ya ba su, kafin mako ya zagayo an miƙa wa wani sabon ɗalibi. Mechthild ta ƙone katifa da matashin kai a bayan gida bisa umarnin likita, ba ta yarda mijinta ya riƙe mata ko gefe ba. Riguna aka kai gidan marayu. Littattafan falsafa aka zuba a akwati aka rufe da ƙusa. Bayan jana'iza mai gyaran takalma, wanda bai ji labari ba, ya aiko da takalman Ekkehard an sabunta ƙasansu. Suna nan a ƙarƙashin matakala, ba a ko kwance takardar da aka naɗe su da ita ba.