Malam Isufu ba mahaukaci ba ne

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina sauke kaya a kasuwar Adjamé aka kira ni. Malam Isufu tela ya rasu.

Shekara goma sha tara rabona da garinmu Tawa. Ranar da na sauka Abidjan rigata ɗaya ce, ita ma ta yage a kafaɗa. Shi ya tsayar da ni a kasuwar Treichville, bai ma san sunana ba, ya ce, "Ɗan'uwa, tuɓe in kama maka, kada Julawa su yi mana dariya."

Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun almakashi kenan.

Ni nake kai shi wurin masu gashin ƙashi, kine da muke cewa a nan, ni nake yi masa tafinta. Matar da ke duba shi ta ce idan mutum ya rufe ido ya ga kansa yana motsa hannu, dalla-dalla, sashen ƙwaƙwalwar da ke ba hannu umarni yakan tashi ya yi aiki, kusan kamar hannun ya motsa da gaske. Ta ce ba madadin atisaye ba ne, taimako ne. Ta tambayi sana'arsa, na ce tela ne. Ta ce to, kullum ya yanka riga ɗaya a zuciyarsa.

Malam ya riƙe abin kamar wuridi. Zai zauna a bencin ƙofar shagonsa, ido rufe, har gumi ya tsattsafo masa. In ka yi magana ya ce, "Dakata, ina wuyan riga."

Habu, wanda Malam ya koya wa ɗinki, ya yi masa aure, shi ya bi dattawan layinmu ɗaya bayan ɗaya yana cewa maigidansa ya taɓu, aljanu yake ɗinka wa kaya.

Dattawa suka zo su gani da idonsu. Suka yi sallama sau biyu, bai amsa ba. Yana tsakiyar yanka.

Kun san mu. Dattijo ya yi sallama a ƙi amsawa, magana ta ƙare. Nan take aka miƙa wa Habu makullin shago da kekuna, wai sai Malam ya warke. Aka hana shi zuwa kine, aka koma yi masa hayaƙi wata huɗu.

Ina wurin. Na fi kowa sanin abin da yake yi. Na buɗe baki, babban cikinsu, Alhajin da nake ajiye kaya a magazansa, wato ɗakin ajiyarsa, ya ɗaga mini hannu, na yi shiru. Wannan laifina ne, ni zan amsa shi.

Juma'ar da ta wuce na je ɗakinsa. Ashe bai daina ba. Ya ce, "Matso." Ya haɗa babban yatsa da manuni na hannun daman nan, ya kama bakin rigata, ya riƙe. Yana dariya, bakin ya karkace.

"Ka gani? Ka ce wa Habu ya sa wa kekena mai. Bayan salla zan dawo."

Na kasa gaya masa an shafe sunansa a allon shagon.

Habu, na ga hoton da ka saka ɗazu, da "yako", ta'aziyyar mutanen nan, da fuskokin kuka. Ba zan yi maka ƙarya ba: ka iya ɗinki, kuma sau biyu ka aika masa shinkafa. Amma kai ma ka taɓa raka mu kine, da kunnenka ka ji bayanin matar nan. Ka sani sarai. Ban yafe maka ba, kuma ba na neman in yafe.

Jibi ne sadakar uku. Bayan addu'a zan miƙe a gaban dattawan da suka yanke hukuncin, in faɗi duk abin da na haɗiye. Makullin nan zai koma hannun Inna Rabi, matar Malam, da 'ya'yanta uku. Babbar ta iya keke, a ƙafar ubanta ta koya. Alhaji kuma in ya ga dama ya watso mini kayana kan titi. Na gaji da tsoro.

Ya Allah ka jiƙan Malam Isufu, ka sa ciwonsa ya zama kaffara, ka haskaka kabarinsa. Wanda ya zalunce shi yana sane, ka isar masa tun a nan duniya, muna gani.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Wanda ke Abidjan kuma ya zo jibi, ya tsaya kusa da ni.