Shekarar da Baba Ya Ƙi Tsiren Amininsa

Mahaifina manomin gyaɗa ne a Zango, amininsa kuwa mahauci ne, muna kiransa Baffa. Tun ina yarinya na san kullum da la'asar Baffa zai iso ƙofar gidanmu da tsire a ƙunshe, su zauna kan tabarma suna ci suna musu a kan farashin awaki, alhali Baba ko akuya ɗaya ba shi da ita.

Sai Baba ya fara ƙin naman. Yau ya ce ya ƙoshi, gobe ya ce azumin nafila yake yi. Mu na cikin gida mun san gaskiya. Loma ba ta wuce masa, sai ta tsaya a ƙirji, ya yi ta kora ruwa yana zagaye tsakar gida, wani lokaci ta dawo yadda ya haɗiye ta. Ya rame har wandonsa sai an ƙara ɗaure mazagi. Amma ya hana mu faɗa. Wai ina shi ina gaya wa duniya cewa dattijo kamarsa tuwo na dawo masa. Ni dai wannan kunyar ta Baba haushi take ba ni har yau.

Ga mahauci kuwa, babu zagin da ya kai a ƙi cin namansa. Magana ta fara yawo a kasuwa cewa ko amininsa ma ya daina ci, lalle akwai abin da ya gani. Wasu har suka ce dabbobi marasa lafiya Baffa yake yankawa. Baffa dai ya daina zuwa gidanmu, kuma a masallaci ya koma ɗaya gefen sahu.

Da abin ya kai ko koko sai da dabara, na tasa Baba gaba zuwa asibitin Daura, daga can aka tura mu wani babban asibiti mai nisa. Aka ba shi wani farin ruwa ya sha, aka ɗauki hoto. Likita ya nuna mana cewa a ƙarshen hanyar abinci akwai tsoka mai buɗewa ta bar loma ta shiga tumbi, to ta Baba ta ɗaure ta ƙi saki. Ya ce za su sa shi barci, su zura siririn bututu mai fitila da kyamara ta baki, su tsaga tsokar daga ciki. Baba ya tambaya ta ina za a yanka shi, aka ce babu inda za a taɓa a fatarsa. Haka kuwa aka yi. Washegari ya kurɓi ruwa ya wuce sumul, ya dube ni yana dariya kamar yaro. Sai dai likita ya ce kunu da romo kawai tukuna, nama sai nan gaba.

Da muka dawo gida aka cika da 'yan sannu, can sai ga Baffa da ƙunshinsa, ya ajiye gaban Baba. Na san Baba zai sake ƙi. Ya kuwa ce an yi masa aiki, likita ya hana. Baffa ya ce a nuna masa ɗinkin. Baba ya ɗaga riga, ciki lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

"Tun ina saurayi nake fiɗa," in ji Baffa, "ban taɓa kai wa tumbi ba sai na tsaga ciki. Mutumina, in ba ka son namana, faɗa mini kawai."

Nan Baba ya ajiye kunya, a gaban mutane ya faɗi komai, har da dawowar tuwon. Baffa ya ce ashe saboda wannan shirmen aka bar shi yana shan zagi a kasuwa. Ya miƙa mini tsiren ya fita yana faɗa shi kaɗai.

Ranar da likita ya ba da izini ta dace da ranar kasuwa. Baba ya sa babbar riga, ya ce in raka shi. Ya zauna a bencin Baffa, inda kowa ke gani. Baffa ya zaɓi mai taushi, ya yayyanka ƙanana kamar na yaron da aka yaye. Baba ya tauna ya haɗiye, Baffa ya zuba wa maƙogwaronsa ido, wuƙa a hannu.

"Ya wuce?" in ji Baffa.

"Ya wuce. Amma yajin ya yi kaɗan."

Baffa ya ce mutumin da ya yi shekara yana shan koko ba shi da bakin magana a kan yaji. Yana faɗa yana share ido da hannun riga, ni kuwa daɗi ya hana ni cin nawa tsiren.