Ranar da Muka Matsar da Danga

Mu uku ne ranar: ni, da ƙanin mijina mai ladanci a masallacin unguwarmu, da Bafillatanar da ke kawo nono garinmu tun ina da ƙarfin daka. Ta huɗunmu akuyata ce, ita ce kuma ta tara mu.

Da nonon akuyar nan nake dama wa jikana kunu, tun da uwarsa ta yaye shi ba shiri. Da hantsi akuyar ta tsinke igiya. Bafillatana ta ce ta ga ta nufi bukkar masu zinare, can bayan gari ta hanyar Bukkuyum. Na san wurin. Shekarun baya nan ake niƙa dutse ana wankewa, har ma'aikatan lafiya suka zo suka ce ƙasar da ruwan duk gubar dalma ce, mutanen suka watse. Mijina ya tafi kasuwar Gummi, gwiwoyina kuma ba na bin akuya ba ne, sai na tasa ƙaninsa gaba.

Bukkar na nan, rabin jinkar ya rufta. Danga ta faɗi, sai 'yan turaku, da ƙyauren langa-langa tsaye shi kaɗai, iska na wucewa ta damansa da hagunsa. Daga inda muke muna hango akuya. Ta zame cikin ramin wankin dutse da ke cikin gidan, tana tsaye kan wani tsohon buhu, ruwa kore shar a ƙarƙashinta.

Ƙanin mijina ya je gaban ƙyaure, ya gyara hula, ya yi sallama.

Na ce, "Malam, da wa kake?"

"Ba ki ga zane bisa igiya ba? Gidan matan aure ne."

Zane kam akwai shi, rana ta cinye launinsa, ga turmi a kife.

"Mai wanga zane ta yi jikoki a wani gari."

"Ke dai shiga ki ce ana sallama da maigida."

Gardama da ladan ɓata yawu ne. Na shiga ta inda danga ta faɗi, na sunkuya cikin bukka. Na tarar da takalmin roba ƙafa ɗaya, da tukunyar da zanzaro ya yi gini a ciki, da bel ɗin injin niƙa naɗe a lungu. Tumatir ya tsiro tsakar ɗaki ya yi 'ya'ya jajur, ko tsuntsu bai taɓa ba. An soke guntun madubi jikin zana, daidai tsayin gajeriyar mace. Na ɓoye hannuna cikin mayafi, ban taɓa komai ba.

Ya sake sallama. Na amsa daga ciki.

"Maigida na nan?"

"Ya yi tahiya."

"To kin gama magana. Ba ni shiga gidan da maigida ya yi tahiya."

"Ni ce fa, matar yayanka."

"Shi ya sa. Mi za ni ce mishi in aka ce an gan mu gida guda cikin daji?"

Bafillatana ta sauke ƙwaryarta don kada dariya ta zubar mata da nono. Ta ce, "Inna, ki ce maigidan ya rasu."

Ya ce, "In ya rasu tana takaba ke nan. Wannan ya fi muni."

Na leƙa rami. Akuya ta miƙa wuya tana shinshinar ruwa. Na jefe ta da hoge, ta janye, ta kalle ni kamar ni na tura ta.

Bafillatana ce ta ce su a ruga, inda turke yake nan ne gida, in an tuge shi daji ne. Ta tambaye shi, in ramin yana wajen danga fa? Ya shafa gemu, ya yi dogon nazari, ya ce wajen danga hanyar kowa ce.

Haka mu biyu, tsofaffin mata, muka duƙa muna tuge turaku muna kafa su tsakanin bukka da rami. Shi yana bakin ƙyaure yana ba da umarni.

"Matsa hagu kaɗan. Kun ci musu fili."

"Malam, in na miƙe da wanga turke, kanka zai sauka."

Da muka gama ya zagayo ta sabuwar hanya, ya tuɓe rigarsa ya ninke, ya sauka rami. Ya fito da akuya a wuya. Gemunta jiƙe sharkaf, yana ɗiga.

"Ta sha?"

"Allahu a'alamu. Ni danga nake kallo."

Na buɗe bakinta, na duba harshe, na shinshina. Akuya ba ta magana, ruwa ba ya barin shaida. Kafin mu tafi ya ce mu mayar wa mutane turakunsu inda muka same su, haƙƙi ne. Na ja akuyata na wuce.

Da yamma yaro ya sha kununsa gaya, ya yi kuka, na bar shi ya yi.

Da gari ya waye na tatsi akuyar don kada hantsarta ta kumbura, na haƙa rami nesa da kaji, na juye nonon na binne. Na wanke hannu da toka, na ɗauki wata ƙwarya sabuwa, na kama hanyar ruga.