Jikata a Shafi Huɗu

Ni aji huɗu na yi a boko, na huɗun ma rabinsa ta taga na leƙa shi. Amma na shekara ashirin da tafireta a bakin gidan waya ina rubuta wa mutanen unguwarmu Nima wasiƙa, don haka duk takardar da ta gagari unguwa gidana ake kawo ta. Sau ɗaya takarda ta gagare ni, ita ce kuwa jikata ta fari.

Ƙarshen shekarun casa'in ne, 'yarmu da ke aure a Jamus ta haihu. A lokacin yanar ido ta rufe wa Hajiya, matata, ido ɗaya, ɗayan ma ya soma hazo, an sa mata ranar aiki a asibiti, Alhamis. Ta riga ta sa wa ranta cewa likita na taɓa idon nan, ita da gani sai a lahira. Abu ɗaya ta roƙa: ta ga fuskar jaririyar kafin Alhamis.

Hoto ta gidan waya sai ya yi sati uku. Sai surukinmu ya aiko shi ta imel, zuwa shagon buga waya na wata mata 'yar ƙabilar Ga a unguwar Kotobabi, wadda kowa ke ce wa Anti. Ran Asabar na sa babbar riga, tunda jika zan tarba, na taka har can.

Anti ta miƙo min shafi huɗu. Ba hanci, ba kunne. Haruffa ne da lambobi da alamomi a cunkushe kamar fasinjojin trotro, motar hayarmu, kowane layi ya fara da M babba.

"Anti, wannan Jamusanci ne?"

"Alhaji, kai ne mai ilimi. Karanta mana."

Na gyara tabarau, na yi gyaran murya, na shaida mata cewa yarinyar tana cikin ƙoshin lafiya.

A gida na ce wa Hajiya jikar tana cikin takardun nan, sauran bayani sai na yi nazari. Ta karɓa da hannu biyu ta sa a ƙirji. Mu a zango duk abin da haihuwa ta kawo rabawa ake yi tsakanin gida biyu, goro ne ko cinyar rago. Ina masallaci Hajiya ta raba jika, shafi biyu namu, biyu ta aika unguwar Maamobi wurin mahaifiyar surukin.

Ran Lahadi muka samu surukin a waya. Sai da ya gama dariyarsa, sannan ya ce, "Baba, ba karantawa ake yi ba." Ya ce hanyar imel ɗin Anti rubutu kawai take bari ya wuce, in hoto ya zo a hotonsa sai ta lalata shi. Don haka kwamfuta take yanka hoton ƙanana ƙanana, kowane yanki uku ta ɗinka musu rigar harafi huɗu, su wuce a matsayin wasiƙa. In sun iso, kwamfutar nan ta tuɓe musu rigar ta haɗa su. Na ce ai na gane, haka 'yan kasuwarmu suke shigo da atamfa ta kan iyaka a cikin buhun gari.

Ya gaya wa Anti abin da za ta danna. Anti ta juyo ta dube ni.

"Alhaji, ni fa in na buga takarda sharewa nake yi. Kwamfutata ba sito ba ce."

Shi kuma na'urar da ya ɗauki hoton da ita a wurin aikinsu take, an rufe don Kirsimeti sai sabuwar shekara. Hanya ɗaya ta rage, a mayar da haruffan cikin kwamfuta da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce harafi ɗaya in ya kauce, daga nan zuwa ƙasa hoton zai iya wargajewa.

Na je Maamobi karɓo rabin jikata. Surukar tawa ta sa na zauna na ci waakye, shinkafa da wake, tukuna, sannan ta buɗe akwati ta zaro takardun daga cikin sabon zane, suna ta ƙamshi.

"Me kika yi musu?"

"Jikata ce, in bar ta ba turare? Ku mutanen Nima haka kuke tarbar baƙo?"

Turaren mai ne, ya narkar da layukan ƙarshe na shafi na huɗu.

Kwana uku ina zuwa shagon da hantsi. Na aza tsinken tsintsiya a ƙarƙashin layi, in buga, in karanta da ƙarfi, Anti tana bin takarda da farce kamar mai karɓar hadda. Masu zuwa buga waya suka riƙa cire takalmi a bakin ƙofa, sun ɗauka addu'a ake. Ban hana su ba. A shekara ashirin ɗina ban taɓa buga wasiƙar da ban ƙara mata gishiri ba sai wannan.

Ran Laraba bayan la'asar na riƙo hannun Hajiya muka zo, surukar ma ta biyo trotro. Anti ta danna. Hoton ya soma saukowa daga sama: hula, goshi, idanu a rufe, kunnuwa, hanci, leɓe. Daga nan sai toka-toka har ƙasa.

Surukar ta ce, "Haɓar dai ta gidanmu ce."

Na ce, "Ƙwarai, shi ya sa kika shafe shaida."

Hajiya ba ta kula mu ba. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta rufe mataccen idon da tafin hannu, ta daɗe tana bin fuskar da ɗayan. Sai ta ce, "Kunnuwan Innata ne."

Ta gyara mayafi, ta laluɓo hannuna.

"Alhaji, gobe ƙarfe nawa suka ce mu je?"