Taraktar da Allurarta ke Kwanciya

Shekarar da na haifi ɗiyata ta fari, wata tsohuwar tarakta ta daɗe a ƙofar gidanmu a Agadas, cikinta a buɗe. Annasara ne suka bar ta da za su tafi. Wani Alhaji mai kamiyoyi, manyan motocin kaya, ya saye ta, ya ce da maigidana in ya tashe ta, shi zai riƙa tuƙa ta cikin gari, ya jawo laka da duwatsu daga bakin gulbi, ya kwana gida kullum. In ta ƙi, ya koma bin kamiyon Bilma yana gyara a hanya kamar da. Ban taɓa zuwa Bilma ba, amma na san ta. Mutum ya tafi, wata ya tsaya ya mutu, wani ya tsaya, babu labari. Ga ɗiyar da yawan zazzaɓi, ni kuma ba ni da kowa a garin.

Maigida ya kwance moter ɗin, wato injin, ƙarfe-ƙarfe, ya wanke da gazuwal, man da kamiyo ke sha, a tasar wankina, ya mayar. Abu guda ya rasa: ɗan faifan da ake sawa tsakanin pompon mai da bututunsa don kada iska ta shiga. Juwan suke ce masa. Tsohon ya ruɓe, sabo sai Damagaram.

Maƙwabciyarmu, tsohuwa mai dukanci da muke kira Inna, ta leƙo ta katanga. "Wannan ɗan abin ne ya hana ka cin tuwo? Miƙo." Ta yanko masa irinsa daga jar fatar akuya. "Salkar da na ɗinka ta je Bilma ta dawo ba ta ɗiga ba, balle ƙarfen annasara." A garinmu duk abin da ke yoyo da fata ake toshe shi, don haka ba wanda ya ga aibi.

Ranar da taraktar ta tashi, hayaƙi ya cika unguwa, Inna ta rangaɗa guɗa. Ni har na fara rabon dabino. Shi ko bai yi dariya ba, idonsa na kan wani ɗan agogo kusa da kujera.

"Agogon mai ne," in ji shi. "In allurar nan ta tsaya sama, mai na zagawa. In ta kwanta, ƙarfe zai ci ƙarfe."

Tana sama. Da moter ya yi zafi sai ta fara saukowa a hankali, har ta kusa kwantawa. Ya kashe.

Daga nan aikina ya zama gadin allura. Yana can gindin moter, ni ina tsaye da goyo.

"Ta kai ina?"

"Tana rawa. Wayyo, tana saukowa!"

"Ke dai faɗa mini, ban ce ki yi mata makoki ba."

Ya ce ƙila agogon ne ke ƙarya, ya aro na wani kamiyo ya ɗaura. Wannan ma ya kwanta. Ya juye man, ya zuba mai kauri, allurar ta ɗan ƙara haƙuri sannan ta yi halinta. Ya buɗe wani ɗan murfi a gefe, ya fiddo ƙaramar waya mai lanƙwasa, ya miƙe ta, ya mayar. Duk ɗaya. Ni kuwa in ɗora tukunya in manta, in fita ƙofa, in dawo in taɓa goshin ɗiya, in sake fita. Ko a salla kunnena na waje.

Rannan Alhaji ya biyo bayan la'asar. "Malam makanike, amaryar taka har yanzu kunya take ji?" Suka yi dariya. Da zai tafi ya ce ana lodin kamiyon Bilma, Alhamis zai tashi. Ina bayan ƙyaure na ji.

Washegari maigida ya shiga ƙarƙashin taraktar, ya kwance kwanon da mai ke taruwa, abin da yake ta gudu don wuyar mayarwa. Can na ji ya yi salati. Ya fito riƙe da ƴar rariyar da ke bakin bututu, ta toshe da wani jan abu mai yauƙi. Fatar ce. Da sanyi tana riƙewa, in mai ya yi zafi sai ta saki, iska ta shiga, guntayenta kuma su liƙe a rariya.

Ya ɗaga ta saman katanga. "Inna, ga gandarki ta nuna."

Ta juya ta a tafin hannu, ta shinshina. "Kai ɗan nan, ruwa na ce ba ya wuce ta. Wa ya aike ka ka soya mini fata?"

Ya yanko wani juwan daga kwalin sukari mai tauri, ya shafe shi da mai, ya ɗaure. Na tambaye shi ko shi ke nan. Ya ce bai sani ba, ƙila ƙarafan ciki sun riga sun ci juna a kwanakin da muke ta kunnawa.

Laraba da tsakar rana Alhaji ya ce a gwada ta da kaya, a je gulbi a ɗebo laka. Na tsaya ƙofa har ƙararta ta ɓace. Na shiga, na fito. Na kwance goyo, na sake ɗaurawa. Inna ta ce in zauna kafin in haƙa mata rami a ƙofar gida. Aka kira la'asar, shiru.

Sai na jiyo ta daga nesa, tana tafe tana tari. Maigida ya tsaya, ya sauko, fuskarsa duk laka.

"Allurar fa?"

"Ba ta hau sama ba. Tsakiya ta tsaya, amma ba ta kwanta ba. Alhaji ya ce in riƙe ta." Ya miƙo hannu ya karɓi ɗiyar. "Akwai fura?"